Ranar da Na Goyo Iya Gwamma

Ranar wata Laraba da hantsi, ina tsakar gida ina tsince kalwar daddawa, sai ga mazari ya shigo ta zaure yana juyi shi kaɗai. Ba hannu, ba mai kaɗi. Ya ratsa tsakanin kaji ya zo gabana ya tsaya a kan tsininsa yana wulwulawa, farin zare na biye da shi tun daga waje. Na ce, "A'uzu billahi!" na janye ƙafafuna. Amma ba zan yi muku ƙarya ba, tun kafin ya iso na gane shi. Mazarin Iya Gwamma ne, wadda aka kora daga garinmu Gangaren Kanya shekara talatin kafin wannan rana, kuma ni Kuluwa, ni na sa aka kore ta.

Ga yadda aka yi. Ina 'yar shekara goma sha biyar na saci gyaɗa na je bayan rumbun babana ina gasawa. Iska ta ɗebi wuta ta kai jinka, hatsin shekara guda ya ƙone ƙurmus. Ba wanda ya gan ni sai maƙwabciyarmu Iya Gwamma, tsohuwa ce ba ɗa ba jika, tana zaune gindin danga tana kaɗi. Muka haɗa ido, ta ci gaba da kaɗinta. Ni kuwa tsoro ya hana ni sakat. Bayan kwana shida zazzaɓi ya kwantar da ni, mata suka kewaye ni suna cewa, "Kuluwa, wa kike gani? Faɗi sunanta!" A garinmu in mara lafiya ya kama sunan wani, to shi ne mayen da ya riƙe masa kurwa, ba a ƙara wani bincike. Jikina da zafi kam, amma hankalina ras yake. Na ce a raina, in ta zama mayya, wa zai ƙara yarda da maganarta? Sai na buɗe wannan bakin nawa na ce, "Iya Gwamma."

Aka jawo ta, aka tuɓe mata zane a gaban yara, aka sa ta tsallake ni sau uku wai ta saki kurwata, sannan aka raka ta da jifa har bayan gari. Kwana biyu na warke, kamar yadda kowane zazzaɓi yake warkewa, mutane suka ce ai ga shaida. Har ta fita ba ta ambaci rumbu ba.

To, mazarin nan ya yi magana, da murya siririya kamar ta sauro. Ya ce, "Ya ke Kuluwa 'yar Bawa, Magajiyar Birnin Korarru tana gaishe ki. Ta ce a sanar da ke dokar birninta. Duk tsohuwar da aka kora da sunan maita bisa ƙarya, in ta cika shekara talatin ba a janye maganar ba, za ta zama abin da aka kira ta. Gobe Alhamis Gwamma ke cikawa. In kina da niyya, ga zare."

Yana gama faɗa ya faɗi gefe, ya zama itace kawai. 'Yata Yalwa, wadda saura kwana tara bikinta, ta leƙo daga ɗaki ta ce, "Inna, da wa kike magana?" Na ce mata ba kowa, zan je ƙauye nemo kanwa. Kun ji, ko a ranar ma da ƙarya na fita gida.

Na kama zaren ina naɗewa ina tafiya. Na wuce gonaki, na wuce fadama, na wuce iyakar inda masu itace ke zuwa, har na kai inda ban san sunan bishiya ko ɗaya ba. Sama ta koma launin ruwan tsamiya, rana ta ɓace, duhu kuma bai zo ba. Haka ƙasar take, ba ta da safe ba ta da yamma.

Zaren ya kai ni bakin wani kogi baƙi wuluk kamar ruwan marina. A gefensa ga wata tsohuwa zaune cikin masaki, da muciya a hannu. Girarta ta yi tsawon da sai da ta ɗaure ta a ƙeya. Na durƙusa na ce, "Sannu da aiki, Iya."

Ta ce, "Sannunki, 'yar Adam. Ni ce Uwar Fito. Ba na karɓar komai a hannun mai ƙetarewa sai amsa uku. Ki sani, masakin nan ba ya ɗaukar ƙarya, da ya ji ta yake shan ruwa. Shigo."

Muna kaiwa tsakiya ta daina tuƙi. Ta ce, "Wa ya ƙona rumbun Bawa?"

Na ce, "Ni ce."

Ta ce, "Ranar da aka kama sunan Gwamma, zazzaɓi ne ya yi magana ko ke?"

Haba, halin mutum! Sai na ji bakina ya ce, "To, Iya, zazzaɓin ma ya taimaka." Kafin in rufe baki ruwa ya kai mini ƙugu, sanyi ƙalau, wasu abubuwa masu santsi suna nannaɗe mini ƙafa suna ja. Na kurma ihu na ce, "Ni ce! Wallahi ni ce, da hankalina!" Ruwan ya koma inda ya fito.

Ta ce, "Saura ɗaya. A shekara talatin ɗin nan, sau nawa kika yi niyyar faɗin gaskiya?"

Na so in ce sau ɗari. Na dubi ruwan, na dubi kaina, na ce, "Na sha kuka a ɓoye, Iya. Amma niyya, ko sau ɗaya ban yi ba." Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa idona. Uwar Fito ta tuƙa ta sauke ni a ƙetare.

Gaba kaɗan na fara jin ƙasa na girgiza. Wani fili ne shimfiɗeɗe, taɓare masu tsawon giginya suna tashi sama suna faɗowa da kansu, duk inda suka sauka sai dutse ya zama gari. Zaren kuwa ta tsakiyarsu ya bi. Na tsaya, ga ƙasusuwan waɗanda suka riga ni nan warwatse. Da na daɗe ina saurare sai kunnena ya kama wani abu. Ai lugude ne! Irin wanda muke yi muna 'yan mata, taɓarya uku su sauka a jere, sannan a cilla sama a yi tafi. Na ɗaure zane tamau na shiga. In uku sun sauka sai in ruga, in tafin ya wuce sai in tsaya cak. Haka na yi ta yi har na kusa fita, sai na yi garaje, wata ta goge mini diddige. Har yau in hadari ya taso wurin yana yi mini zogi.

Daga nan na hango ganuwar birnin, da wata ƙatuwar kuka a bakin ƙofa. A saiwoyin kukar an ɗaure wasu halittu da sarƙoƙi, sun kai arba'in. Da ka gan su ka san dā tsofaffin mata ne. Haƙoransu sun zama ƙarfe, faratansu sun yi tsawo har sun nutse a ƙasa, idanunsu jawur kamar garwashi. Na raɓa gefe zan wuce, ɗaya ta ɗago kai ta ce da ni a hankali, "Baiwar Allah, don ni kika zo?"

Na ce, "Wace ce ke, Iya?"

Ta yi ta neman sunanta, ba ta samu ba. Can sai hancinta ya motsa, ta zabura kaina da wata ƙara, sarƙa ta fizge ta baya. Sauran duka suka tashi suna gurnani, yawu na zuba. Na ruga cikin birni ina salati. Waɗannan su ne waɗanda ba wanda ya zo dominsu.

Birnin kuwa ɗakunansa duk tsofaffin tukwane ne manya da aka kife, an fasa musu ƙofa a gefe. Ko'ina tsofaffin mata, wata na kaɗi, wata na tankaɗe, wata na saƙa faifai. Ba kukan yaro, ba muryar namiji. Suna ganina suka bar aiki suka bi ni da ido, kowace na fata. Na sunkuyar da kai na bi zare har fada.

Magajiya tana zaune a bayan wani kunkuru da ya kai girman rumbu. Furfurarta ta zubo har ƙasa, tsofaffi bakwai suna riƙe da ita kada ta ja ƙasa. Na zube na yi gaisuwa. Ta ce, "Ke ce mai bakin?"

Na ce, "Ni ce, ranki ya daɗe."

Ta ce, "Manzanni dubu na aika tun da na hau kunkurun nan, ke ce ta tara da ta amsa. Ba yabonki nake ba, lissafi nake faɗa miki. A kawo Gwamma."

Aka kawo ta a kan tabarma. Ta ƙanƙance ta zama kamar 'yar shekara bakwai, faratanta sun fara lanƙwasa, amma idonta nata ne. Ta ƙura mini shi ta ce, "Kuluwa ce? Kai, kin yi ƙiba."

Na fashe da kuka na kama ƙafafunta na ce, "Iya, ki yafe..." Magajiya ta buga sanda, kunkurun ya yi nishi.

Ta ce, "Ba a neman gafara a birnina. Inda aka zubar da magana, can ake kwashe ta. Za ki goya ta ki kai ta garinku, ki tsaya gaban jama'a ki faɗi abin da kika yi. Yanzu a can hantsin Alhamis ne. Abu uku suka rage mata na mutane. In an kira azahar idonta zai tafi. In an kira la'asar tunaninta zai tafi. In rana ta faɗi zuciyarta za ta tafi, kuma ke da ke goye da ita za ta fara ci. Maganarki tana tsayar da abin da bai tafi ba. Abin da ya riga ya tafi, ya tafi. Kin ji?"

Na ce na ji. Iya Gwamma ta taɓa kaina ta ce, "Tashi, kai ni gida tukuna. Ina so in ji da kunnena a gaban waɗanda suka jefe ni. In na ji, sai mu zauna mu yi maganar yafiya, ni da ke."

Aka ɗora mini ita, aka ɗaure da majanyi. Magajiya ta sa aka ɗaga wata tukunya, ga rami a ƙarƙashi da hanya a ciki. Na shiga, na yi taku kamar ɗari, sai ga ni a tsakiyar dajin bayan fadamarmu, rana tsaka tana dukana.

Da farko ba ta fi kaza nauyi ba. Ina tafiya tana ƙara nauyi, har ta kai buhun gero. Don in manta da ciwon diddige na ce, "Iya, me ya hana ki faɗa musu maganar rumbu? Da kin faɗa ai da kin tsira."

Ta ce, "Babanki da zuciya, da ya karya ki. Ni kuma na ce yarinya ce, tsoro ne, gobe za ta faɗa. Kwana uku na yi a bayan gari gindin wata kanya ina jira a zo a kira ni."

Wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na ƙara sauri hawaye na shiga mini baki.

Ban kai rabin daji ba na jiyo kiran azahar daga wani ƙauye can nesa. Iya ta yi ƙara ta ƙanƙame ni. Da ta sake magana muryarta ta yi kauri. Ta ce, "Kuluwa, ba na ganin hanya, ba na ganin itatuwa. Kurwarki kawai nake gani, ga ta nan a bayan wuyanki kamar ɗan tsako, tana rawar ɗari. Yi sauri, 'yar nan, tana ba ni sha'awa." Na ji yawunta mai zafi yana bin bayana, faratanta suna shiga kafaɗata. Na yi gudu, na faɗi, na tashi, ƙaya ta yage mini zane. Ita kuma tana ta cije hannunta don kada ta cije ni.

Na iso bakin gari da sauran lokaci. Wannan nake so ku riƙe, da sauran lokaci sosai, inuwa ba ta ma gama juyawa ba. Ranar kasuwa ce, ta cika maƙil a ƙarƙashin kanyoyi, taku arba'in tsakanina da ita. Sai na hango Hajiya Tasalla, uwar yaron da zai auri Yalwa, tana taya kwanuka ita da danginta. Na hango Yalwa kanta wajen masu lalle tana dariya da ƙawayenta. Ƙafata ta ƙi gaba. Na ce a raina, in na shiga da wannan goyon, wa zai auri 'yar matar da ta yi wa tsohuwa ƙazafi? Ko ma a ce mayya ce ta ɗauko 'yar'uwarta? Na raɓe bayan wata tsamiya.

Iya ta ce, "Mun iso, ko? Ina jin ƙanshin ƙosai. Shiga mana."

Na ce, "Bari in ɗan huta, Iya."

Ba hutu nake ba, jira nake Hajiya Tasalla ta gama ciniki ta tafi. Ita kuwa baiwar Allah ta ɗauki wannan kwano ta ajiye, ta ƙwanƙwasa wancan. Iya ta sake cewa, "Kuluwa, don Allah." Na ce, "Yanzu, Iya, yanzun nan." Sau uku tana roƙona. Ina nan tsaye kamar an dasa ni, ladan ya ɗaga murya da kiran la'asar.

Na ji hannuwanta sun saki wuyana. Ta yi ajiyar zuciya, sannan ta ce da wata murya mai ladabi, irin wadda ake yi wa baƙo, "Yarinya, ina za ki kai ni?"

Ban san lokacin da na ruga ba. Na ture mai goro, na hau kan wani turmi na sayarwa, na buɗe murya na ce, "Jama'ar Gangaren Kanya, ku tsaya ku ji! Wannan Iya Gwamma ce da kuka kora! Ba mayya ba ce, ba ta taɓa zama mayya ba! Ni na ƙona rumbun babana, ita kaɗai ta gan ni, na kama sunanta da gangan don in rufe mata baki! Ni ce maƙaryaciya, ni Kuluwa 'yar Bawa!" Sau uku na faɗa, har muryata ta dushe.

Mutane suka bar ciniki suka kewaye mu. Faratan Iya suka zube ƙasa ɗaya bayan ɗaya, jan idonta ya washe ya bar fari, nauyinta ya koma na kaza. Sarkin fawa, wanda yana saurayi shi ya fara jifanta, ya ajiye wuƙa ya zauna a ƙasa ya rufe fuska. Hajiya Tasalla kuwa, wadda na tsaya ɓoyewa dominta, ita ta fara matsowa, ta cire mayafinta ta lulluɓe tsohuwar, ta taya ni sauke ta. Bikin Yalwa ko kwana ɗaya ba a ɗaga ba. Abin da na ji tsoro har na tsaya bayan tsamiya bai ma faru ba.

Yau shekara biyu Iya Gwamma tana ɗakina. Ba ta gani, amma mutum ce, tana cin tuwo, tana son a gasa mata bayanta a rana. Mutanen gari suna zuwa gaishe ta da goro da zannuwa, suna ba ta haƙuri, tana amsawa da fara'a ba ta san na mene ne ba. Ba ta san Gangaren Kanya ba, ba ta san an taɓa korarta ba, ba ta san sunana ba sai in na faɗa mata, gobe kuma ta manta. Abin da ta yi shekara talatin tana jira ta ji, an faɗe shi a kunnenta, ba ta san da ita ake ba.

Na gwada. Sau da yawa na zaunar da ita na ba ta labarin tun daga gyaɗar, ta saurara har ƙarshe ta ce, "Kai, wannan yarinya ba ta kyauta ba. Ita tsohuwar tana raye?" Jiya da safe ma da na kai mata koko na durƙusa na riƙe hannunta na ce, "Iya, don girman Allah ki yafe mini."

Ta lalubo fuskata tana shafawa, ta yi dariya ta ce, "Ke kuwa me kika yi mini, 'yar albarka? Ke da kike ci da ni, kike yi mini wanka? Allah Ya saka miki. Da mutanen duniya irinki ne, ai da ba a taɓa cutar kowa ba."

Na ce amin, don ba a ƙin amsa addu'ar tsoho. Na jira ta shanye kokon, na ɗauki kwanon na zagaya bayan ɗaki inda ba za ta ji ni ba.